Dogayen Benayen da Ake Tallatawa a Lekki da Ajah: Abin da Hoton Talla Ba Ya Nunawa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a jaridarka mai farin jini domin mu ja hankalin 'yan'uwanmu Hausawa mazauna Legas, da na gida masu turo kuɗi a saya musu kadara a nan, game da dogayen benayen kwana da ake shirin ginawa daga Lekki zuwa Ajah da Sangotedo har Ibeju. Mu da muka haɗa wannan wasiƙa sana'armu ke nan. A cikinmu akwai injiniyoyin gini, da masu aikin famfo da lantarki, da masu lissafin kayan aiki.

Tun da aka buɗe tashar jiragen ruwa ta Lekki da matatar man Dangote a 2023, yankin da a da ƙauyukan masunta ne da fadama ya ƙara cika da jama'a, fili ya yi tsada, masu gini suka koma kallon sama. Salon da ake yayi yanzu shi ne a zana dogon bene ɗaya, a yanka shi gida-gida, a sayar wa mutane daban-daban tun ba a haƙa ko rami ɗaya ba. Dillalai sun san inda tsabar kuɗi take, shi ya sa suke bin 'yan canji da dilolin shanu na Oko-Oba da manyan 'yan gwari na Mile 12 har wurin sana'arsu da hotuna masu ƙyalli. Ga kuma yaranmu, su ne leburori, su ne masu gadi a wuraren da ake waɗannan gine-gine. Abin ya shafe mu ta sama da ta ƙasa.

Ba mu ƙin dogon bene. Legas ita ce jiha mafi ƙarancin ƙasa a Najeriya, ga jama'a kamar me, dole wata rana a hau sama. Ginin NECOM mai hawa 32 yana tsaye a Marina tun 1979, har gobarar 1983 ya sha bai faɗi ba. Abin da muke son a gane shi ne, dogon bene ba gidan haya ba ne da aka ƙara wa hawa. Rabin maganarsa tana ƙarƙashin ƙasa inda mai saye ba ya gani, sauran rabin kuma tana cikin kuɗin da za a riƙa zuba masa kowace rana har ya tsufa.

Bari mu ɗauki bene mai hawa 40 mu yi lissafi a kansa. A ce kowane hawa yana da faɗin murabba'in mita 900, da gidaje biyar, jimilla gida 200. Tsawonsa zai kai mita 130. A ƙiyasin da injiniya ke fara aiki da shi, kowane murabba'in mita na irin wannan gini, idan aka haɗa kankare da bulo da tayil da mutane da kayansu, yana da nauyin tan 1.2 zuwa 1.5. Ana maganar tan 47,000 ke nan ko kusa da haka, wato lodin tirelar siminti mai buhu 600 fiye da 1,500, a jibge a kan fili mai tsawon mita 30 da faɗin mita 30. To wace ƙasa ce za ta ɗauki wannan? A mafi yawan wannan yanki yashi ne sako-sako a sama, a ƙarƙashinsa laka mai taushi da ruɓaɓɓen ciyayi na tsohuwar fadama, ruwa kuma ana tarar da shi a mita ɗaya ko biyu. Wasu filayen ma cike su aka yi da yashin da aka yaso daga tafki, bai gama zama ba.

Saboda haka aikin farko shi ne gwajin ƙasa. Ga bene irin wannan ana bukatar ramukan gwaji biyar ko shida a ƙarƙashin inda ginin zai zauna, kowanne ya nutsa mita 60 ko fiye, ana ɗibar samfur a kowace mita ɗaya da rabi ana kai wa ɗakin gwaji. Ha'incin da aka saba yi a nan shi ne a haƙa rami biyu masu mita 30 a ce an gama, ko ma a aro rahoton maƙwabcin fili a sauya masa bango. Illar ita ce laka ba ta shimfiɗuwa daidai. Tana iya zama mita uku a kusurwar gabas, ta zama mita goma sha biyu a kusurwar yamma. Gini ya nutse daidai ta ko'ina da 'yan santimita ba abin tashin hankali ba ne, an yi lissafinsa tun farko. Amma gefe ɗaya ya fi ɗaya nutsewa, nan ne bango ke tsagewa, bututun ruwa ya karye a cikin kankare, lif ya fara gogar hanyarsa, kuma babu birkilan da zai iya gyara wannan daga baya.

Irin wannan nauyi ba ya zama a kan harsashin da muka saba. Ana kafa masa turakun kankare masu kaurin mita ɗaya ko fiye, a nutsa su mita 40 zuwa 60 har su sami yashi mai tauri. Inji ne ke haƙa ramin, ana cika shi da wani ruwan laka na musamman domin kada bangon ramin ya rufta, a saukar da saƙaƙƙen rodi, sannan a zura dogon bututu har ƙasa a riƙa zuba kankare ta cikinsa, kankaren na tasowa yana koro lakar waje. Sharaɗin shi ne bakin bututun ya kasance a binne cikin ɗanyen kankare, mita biyu zuwa uku, tun daga farko har ƙarshe, kuma zubin kada ya tsaya. Yanzu a tuna da gosulon Ajah. Motar kankare ta biyu ta maƙale a hanya awa ɗaya da rabi, kankaren farko ya fara daskarewa, mai aiki ya ja bututu sama don ya motsa shi, laka ta shiga tsakani. Turken ya rabu biyu a mita 25 ƙarƙashin ƙasa, a sama kuwa kansa sumul. Shi ya sa ake gwada kowane turke da na'urar da ke aika sauti cikinsa don a ga ko ya yanke, a kuma zaɓi wasu a ɗora musu nauyin da ya kai ɗaya da rabi na abin da za su ɗauka, a auna yadda suka nutse. Waɗannan gwaje-gwaje biyu suna da rahoto a rubuce. Mai ginin da ya yi su ba ya ɓoye rahoton, alfahari ma yake da shi.

Sai kankaren da ke sama. Ginshiƙan hawa na ƙasa a irin wannan bene suna son kankare mai ƙarfin lamba 40 zuwa 60, alhali na gidajenmu na yau da kullum 20 ne ko 25. Ba a samun wannan da kwaɓin shebur da kwanon kai, sai da injin da ke auna komai da sikeli, da siminti mai lamba 42.5 ko sama, da ruwan da bai kai rabin nauyin simintin ba. Babban maƙiyin kankare a wurin aiki shi ne tiyon ruwa. Mota ta iso a makare, kankare ya yi kauri, famfon da ke tura shi sama ya ƙi ja, sai wani ya saki ruwa a ciki. Aiki ya tafi, ƙarfi ya zube, kuma ido ba ya bambancewa. Abin da ke tona asiri shi ne 'yan ƙananan tubalan gwaji masu santimita 15 da ake cikawa daga kankaren da aka zuba a ranar, a jiƙa su a ruwa, a murƙushe wasu a kwana 7, sauran a kwana 28. Na kwana 7 ya kamata ya ba da kusan kashi biyu cikin uku na ƙarfin da ake nema. Idan bai ba da ba, a dakata da ɗora hawa na gaba. Jihar Legas tana da ɗakin gwajin kayan gini nata, LSMTL, domin wannan aiki.

Rodi kuwa 'yan'uwanmu masu sayar da shi sun fi kowa sanin sirrinsa. Sanda ɗaya mai tsawon mita 12 ta rodi mai milimita 12 nauyinta kilo 10.7 ne, mai milimita 16 kusan kilo 19, mai milimita 25 kusan kilo 46. A ɗora a sikeli. Wanda ya gaza wannan da yawa an rage masa kauri, ko me aka rubuta a rasit. Kusa da teku akwai ƙarin fitina, wato gishiri. Yana cikin iska, yana cikin yashin da ba a wanke ba, yana cikin ruwan rijiyar da ake kwaɓi da shi. Idan ya kai ga rodi sai ya yi tsatsa, tsatsar ta kumbura ta fasa kankaren daga ciki. Maganinsa shi ne a bar kankare mai kaurin santimita biyar tsakanin rodi da waje a duk inda iska ko ruwa ke taɓawa. Ƙananan 'yan duwatsun siminti da ake ɗaurawa don riƙe wannan tazara ba su kai kuɗin komai ba, amma su ake fara mantawa da su.

Wanda yake ganin mun cika tsanani ya tuna ranar 1 ga Nuwamba, 2021, da bene mai hawa 21 ya rufta a titin Gerrard a Ikoyi ana cikin gina shi, ya kashe mutum fiye da 40 har da mai ginin. Shugaban hukumar kula da gine-gine ta jihar, LASBCA, ya shaida wa manema labarai a lokacin cewa hawa 15 aka amince a yi. Daga baya wata wasiƙa ta fito, wadda injiniyoyin da suka fara lura da aikin suka rubuta tun Fabrairun 2020 suna janye hannunsu, kuma cikin abin da suka ambata akwai rashin sakamakon gwajin kankare a hannunsu. Wata ashirin ke nan tsakanin wasiƙar da ruftawar, ana ta ɗora hawa. Kafin wannan an yi na Lekki Gardens a 2016, da masaukin baƙi na cocin Synagogue a Ikotun a 2014 inda mutum 116 suka mutu. Ƙara hawa a kan abin da aka zana laifi ne da ake yawan maimaitawa, saboda kowane hawa na sama riba ce tsantsa ga mai gini, turakun da ke ƙasa kuwa an riga an binne su a kan lissafin farko.

To a ce an gina shi lafiya lau. A nan ne maganar da dillali ba ya so take farawa.

Ruwa. Gida 200, a ce mutum biyar-biyar, mutum 1,000 ke nan. Kowa ya yi amfani da lita 150 a rana, wanka da wanki da girki da alwala, an sami lita 150,000, wato tanka 15 masu lita 10,000 kowace rana. Ruwan gwamnati bai wadaci wannan yanki ba. Rijiyar burtsatse mara zurfi tana ba da ruwa mai gishiri ko mai jan ƙarfe da ke ɓata tayil da tufafi, sai an nutsa sosai, sannan a tace, kuma injin cire gishiri yana zubar da wani kaso na ruwan da ya shiga cikinsa. Bayan haka sai a hau da shi mita 130. Kowace mita goma ta tsawo tana ƙara ƙarfin ruwa ma'auni ɗaya, wanda ake kira "bar" da Turanci. Daga tankin saman bene zuwa hawa na ɗaya bar 13 ke nan, alhali kan famfo da hita da tiyon bayi an yi su ne don bar 2 zuwa 4. Dole a raba ginin kashi-kashi, hawa goma ko goma sha biyu, kowane kashi da tankinsa ko na'urar rage ƙarfin ruwa. Ranar da na'urar ta lalace ba a sauya ba, sai tiyo ya fashe a hawa na 8 da tsakar dare, ruwa ya bi silin ya sauka har gidaje uku na ƙasa, a fara shari'ar wa zai biya. Ruwan da ya shiga kuma sai ya fita. Kusan kashi 80 cikin 100 yana komawa ƙazanta, lita 120,000 a rana, kuma babu sokawen da zai shanye wannan a ƙasar da ruwanta ke mita ɗaya. Sai injin sarrafa ƙazanta mai hura iska dare da rana. Aka kashe shi don tsimin wuta, ƙwayoyin da ke cinye ƙazantar su mutu, wari ya tashi, a ƙarshe a saki abin cikin kwatar unguwa da daddare. Maƙwabta ne ke shan wannan.

Wuta kuwa, irin wannan gini yana iya jan kilowat 1,000 a lokacin da kowa ya kunna na'urar sanyaya ɗaki, ban da lif da famfuna. Janaretan dizal yana shan kusan lita 270 a awa a wannan lodi. Ko da unguwar tana layin da aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, awa huɗun da suka rage lita dubu ne da ɗoriya. Ranar da babban layin ƙasa ya faɗi, abin da ba baƙo ba ne a wurinmu, tankar dizal mai lita 33,000 ba za ta kai mako guda ba. Mai gida a hawa na 30 ba shi da damar ajiye ɗan janaretansa a baranda. Da maƙwabtansa zai sha wuta, da su zai zauna a duhu.

A hawa 40 lif shi ne hanya, matakala ta gudun gobara ce kawai. Gida 200 suna bukatar lif huɗu aƙalla, domin kullum a ɗauka ɗaya yana hannun masu gyara. Kowanne ya kasance da batirin da zai kai shi hawa mafi kusa ya buɗe ƙofa idan an ɗauke wuta. Ɗaya daga ciki ya zama na 'yan kwana-kwana, mai layin wutarsa daban. Ga wani abu da masu zane kan manta, mu kuwa bai kamata mu manta ba: a auna zurfin lif ɗin. Idan bai haura mita biyu ba, gadon mara lafiya ba zai shiga ba, makara ma ba za ta shiga ba. A tambayi kuma wane kamfani ne zai riƙa duba shi kowane wata, da ko yana da kayan gyara a Legas ko sai an yi oda daga waje. Mutuwar wata matashiyar likita a Babban Asibitin Odan a Agustan 2023, lokacin da lif ya faɗo da ita, ta isa ta nuna inda sakaci da gyara ke kaiwa.

Gobara ita ce ta fi hana mu barci. Tsanin motar kashe gobara, ko babba ce, da wuya ya wuce hawa goma sha biyar. Daga nan zuwa sama ginin ne zai kashe wutarsa da kansa. Ana nufin kawunan yayyafa ruwa a silin na kowane ɗaki, da bututu mai ruwa a ciki kullum daga ƙasa har sama, da tankin da ba a taɓa ruwansa don wanka ko an shiga fari, da famfo mai injin dizal nasa wanda ake tayarwa kowane mako don a tabbatar yana aiki. Matakala biyu, nesa da juna, da ƙofofi masu jure wuta awa ɗaya zuwa biyu masu rufe kansu, da fanka mai tura iska cikin matakalar don hayaƙi ya kasa shiga. Hayaƙi ne ke kisa kafin wuta ta iso. Duk wannan ana iya sakawa ranar buɗe gini, sai halinmu ya rushe shi cikin shekara guda: a tokare ƙofar da bulo don shan iska, a tara tsofaffin katifu a matakala, maigadi ya sa kwaɗo a ƙofar fita saboda an ce masa ɓarayi na shiga ta nan. Ga tukunyar gas mai kilo 12.5 a kowane kicin, ga baturan inbata a ɗakin da ba iska. Sai a duba kuma abin da aka lulluɓe bangon waje da shi. A benen Grenfell mai hawa 24 a Landan, a Yunin 2017, faifan alminiyon masu roba a tsakiya ne suka ɗauki wuta daga gida ɗaya suka zagaye ginin, mutum 72 suka mutu. Irin wannan faifai yana da araha, yana da kyau a ido, kuma akwai mai jure wuta da ya fi shi tsada. A nemi takardar wanda aka saka.

Duk abin da muka lissafa kuɗi ne, kuma masu gidaje ne za su biya, ba mai gini ba. Shi ya sayar ya tafi. Kuɗin hidima na shekara ya ƙunshi dizal, tace ruwa, gyaran lif, masu gadi da shara, inshora, da wanke gilashin waje. Bayan wannan akwai asusun ajiya na manyan gyare-gyare, domin lif yana son a sauya shi bayan shekara 20 zuwa 25, janareta da famfuna kafin nan, rufin sama ma yana fara yoyo. Mai gini yakan faɗi ɗan ƙaramin adadi a shekarar farko don kaya su shiga, a shekara ta uku gaskiya ta fito. Matsalar ita ce da yawa daga masu saye ba zama za su yi ba, ajiyar kuɗi suka yi. Mutum 60 cikin 200 suka ƙi biya, ko suna ƙasar waje ba a samun su, ko mai gidan ya rasu magada ba su daidaita ba, sai sauran su ɗauki nauyin ko a fara kashe injuna ɗaya bayan ɗaya. Wannan ba ciwon Najeriya kaɗai ba ne. A Surfside ta jihar Fulorida a Amurka, bene mai hawa 12 a bakin teku ya rufta a Yunin 2021 ya kashe mutum 98, bayan wani injiniya ya ba da rahoton lalacewar kankarensa tun 2018, masu gidaje suna ta jan ƙafa a kan kuɗin gyara.

Alhaji mai niyyar saye, kafin ka ba da kafin alƙalami, ɗauki lauyanka, ba na mai gini ba, da injiniya mai rajistar COREN, hukumar kula da aikin injiniya ta ƙasa. A fara da asalin filin. A wannan yanki akwai filaye da yawa da ke ƙarƙashin mallakar gwamnati, sai wanda aka cire wa ƙauye aka buga a gazet, wato jaridar gwamnati, don haka rasit ɗin 'yan gado ba hujja ba ne. A je ofishin filaye a Alausa a bincika takardar mallaka da ko an jinginar da ita a banki. A ƙarƙashin dokar filaye ta 1978, takardar mallaka ta wa'adi ce, yawanci shekara 99, kai kuma abin da za ka samu shi ne ragowar wa'adin a kan gidanka, kuma sai da amincewar gwamna cinikin zai kammala. A tabbatar yarjejeniyar ta faɗi rabonka a filin da matakala da rufi da wurin ajiye mota, da ranar da mai gini zai miƙa ragamar ginin ga ƙungiyar masu gidaje. A ga izinin gini na LASPPPA, hukumar ba da izinin gini ta jihar, a ƙirga hawan da ke cikin zanen da aka buga wa hatimi, a gwada da na hoton talla. A ga shaidar duba aiki mataki-mataki ta LASBCA, da rajistar mai ginin a LASRERA, hukumar kula da cinikin gidaje da filaye ta jihar, da inshorar da doka ta wajabta wa irin wannan gini tun yana kan ginuwa. Biya kuwa a ɗaura shi da aiki: kaza idan an gama turaku, kaza idan an kai hawa na goma, kuɗin kuma ya zauna a asusun da mai gini ba zai taɓa ba sai injiniya ya sa hannu. Dalili shi ne lif da gilashi da janareta da famfuna duk da dala ake sayo su. Wanda ya sayar da gidaje a farkon 2023, dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, ya wayi gari a 2024 ta haura 1,400. Irin wannan ne ke barin kwarangwal ɗin kankare a tsaye shekaru, rodi a waje iskar teku na cin sa. A tambayi kuma ƙa'idojin zaman gidan tun da wuri, ko akwai wurin salla, ko an yarda a yi yankan layya a harabar, ko gidan na hayar 'yan kwanaki ne ga baƙi. Daka a turmi a hawa na 25 maƙwabcin ƙasa ne zai fara jin sa a kansa.

Masu zama kusa da filin su ma suna da abin yi. Idan za a haƙa ɗakunan ajiye motoci a ƙarƙashin ƙasa, sai an yi watanni ana zuƙe ruwan ƙasa da famfo, kuma ruwan ba ya sanin iyakar fili. Ƙasar maƙwabta tana zama, katanga ta tsage, rijiyoyi su ƙafe. A ɗauki hoton kowane bango mai kwanan wata kafin a fara aiki, a sa wakilin mai gini ya sa hannu. A tambayi inda ruwan sama zai bi: ruwan milimita 50 a kan harabar da aka shafe da siminti mai murabba'in mita 5,000 lita 250,000 ne, kuma wanda ya ga ambaliyar Lekki ta Yulin 2024 ya san kwatocin nan a cike suke. Motoci 400 kuma za su fito kowace safiya su hau titin Lekki zuwa Epe ɗin nan da muka sani.

Roƙonmu ga gwamnatin jiha ƙarami ne. Duk ginin da ya haura hawa goma, a wallafa adadin hawan da aka amince da shi da sunan injiniyan da ke da alhakinsa a inda kowa zai iya dubawa ta waya. Injiniyan da ya janye daga aiki a wajabta masa sanar da hukuma, aikin kuma ya tsaya har sai wani ya karɓa a rubuce.

Sarakunan Hausawa na Ajah da Agege da Idi-Araba da sauran unguwanni, da shugabannin leburori, ranku ya daɗe, yaran da ke zuwa cirani suna hannunku. Kada a bar su suna kwana a cikin ginin da ba a gama ba, musamman ƙarƙashin rufin kankaren da aka zuba bai kai mako uku ba, wanda katako da ƙarfe ne kawai ke riƙe da shi. Duk mai aiki a bakin gini daga tsawon mita biyu ya sa ɗamarar tsaro a ɗaure da ƙarfe mai ƙarfi, da hular kwano, da takalmi, ba silifa ba, kuma ɗan kwangila ne ke sayen su, ba a cirewa daga kuɗin yini. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa mai ɗaukar aiki zuba kashi ɗaya cikin ɗari na albashi a asusun inshorar ma'aikata na NSITF, amma yaron da sunansa ba ya cikin kowane littafi ba shi da yadda zai nemi haƙƙinsa, iyayensa ma ba su da yadda za su tabbatar yana wurin. A ajiye littafi a ƙofar shiga, a rubuta cikakken sunan kowa da garinsu da lambar wayar wani nasa, a sa hannu da safe da yamma. Kwafi ɗaya ya kwana a wajen harabar ginin, a hannun shugaban leburori ko a fadar Sarkin Hausawan unguwar.

Wassalam.

Daga wasu injiniyoyi da magina 'yan Arewa mazauna Legas.